Ofishin Kula da Ɗalibai Naƙasassu a Jami'a: Aikinsa da Shugabancinsa

Ya kai mai karatu, ka ɗauka a gidanku akwai yaro wanda cutar shan-inna ta kama ƙafafunsa tun yana goye. An sa shi lakkol, ya jure nisan hanya da zafin rana da dariyar yara, har Allah ya ba shi sa'a ya ci jarrabawar bak. Gida ya cika da murna, maƙwabta suka zo barka. Ranar da ya isa jami'a sai ya tarar zauren darasi yana saman bene, ƙofar makewayi kuma ta yi wa kekensa ƙanƙanta. A cikin zauren nan akwai wata ɗaliba makauniya. Malami yana rubutu a allo yana cewa "ku dubi nan", bai faɗi abin da ya rubuta ba. Babu wanda ya kori waɗannan yara biyu. Amma idan aka bar su haka, kafin shekara ta ƙare su da kansu za su tattara kayansu su koma gida.

Domin hana irin wannan asara ne jami'o'i da yawa a duniya suka buɗe ofishi na musamman mai kula da ɗalibai naƙasassu. Aikin wannan ofishi sana'a ce mai zaman kanta, tana da horonta da matakanta da albashinta, kamar malanta ko aikin likita. Saninta zai amfane ka ta hanya biyu. Idan kana da ɗa ko ƙane mai naƙasa, za ka san abin da ya cancanci ya nema da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Idan kuma kana da matashi mai neman fannin da zai karanta, ga wata hanya wadda mutane kaɗan suka sani.

Inda aikin ya samo asali

A ƙasar Amurka aka fara shi, bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Sojoji da yawa sun dawo daga fagen fama da karyewar ƙashin baya, gwamnati kuma ta ɗauki nauyin biya wa tsofaffin sojoji kuɗin karatu. Kuɗi ga su, amma ina makarantar da keken guragu zai shiga? A shekara ta 1948 jami'ar jihar Ilinoi ta ɗauki wani matashi mai suna Timothy Nugent, shi ma tsohon soja, ta ba shi amanar waɗannan ɗalibai a wani reshenta da ke garin Galesburg, wanda a da asibitin soja ne. Shekara ɗaya kawai aka yi sai hukumar jihar ta rufe reshen. Ɗaliban suka tafi babban birnin jiha a kan kekunansu suna neman a bar su su ci gaba da karatu, daga baya aka mai da shirin cikin babbar harabar jami'ar.

Nugent ya riƙe wannan ofishi har shekara ta 1985. Mutum ne mai son awo. Bai tsaya ga cewa "a yi gangara" ba, sai da ya sa aka ƙera wata gangara da ake iya ɗagawa a sauke, masu keke suka riƙa hawa ana gwadawa, har aka gano tudun da mutum zai iya hawa da ƙarfin hannunsa. Daga irin wannan bincike aka fitar da ƙa'idar gini ta shekara ta 1961, wadda har yau magina ke amfani da ma'auninta: kowane santimita 1 na tudu yana buƙatar santimita 12 na gangara. Ka lissafa da kanka. Matakala uku, kowace santimita 15, sun zama santimita 45, gangararsu ke nan za ta kai mita 5 da santimita 40. Wanda ya zuba siminti mita ɗaya a bakin irin wannan ƙofa ya ce ya yi gangara, tarko ya ɗana wa gurgu.

Sai dai a shekarun farko Ilinoi tana karɓar ɗalibin da zai iya yi wa kansa hidimar yau da kullum ne, kamar wanka da sa tufafi da hawa gado. Wanda naƙasarsa ta fi haka nauyi, yana waje.

Mutumin da ya buɗe wa irin waɗannan ƙofa shi ne Ed Roberts, wanda aka haifa a shekara ta 1939. Yana ɗan shekara 14 shan-inna ta shanye jikinsa daga wuya zuwa ƙasa, ƴan yatsu kaɗan ne ke motsi. Da dare yana kwana cikin wani babban akwatin ƙarfe mai taimaka masa yin numfashi. Ya yi wani ɓangare na karatun sakandare daga gida ta wayar tarho. Da ya gama, makarantar ta so hana shi takardar shaida domin bai yi darasin motsa jiki da na tuƙin mota ba. Mahaifiyarsa Zona ta tsaya tsayin daka har aka ba shi. Iyaye mata, ku riƙe wannan a zuci. Daga nan hukumar jihar Kalifoniya mai tallafa wa naƙasassu su sami sana'a ta ƙi biya masa kuɗin jami'a da farko, bisa hujjar cewa irinsa ba zai taɓa yin aiki ba. Bai haƙura ba. A shekara ta 1962 ya shiga jami'ar Kalifoniya da ke garin Berkeley. Da yake babu ɗakin kwanan ɗalibai da zai ɗauki akwatin nan nasa, sai aka ba shi ɗaki a asibitin jami'a. Wasu masu irin lalurarsa suka biyo shi ɗaya bayan ɗaya, na farkonsu John Hessler.

A shekara ta 1970 waɗannan ɗalibai suka sami tallafin gwamnatin tarayya suka buɗe ofishinsu, Hessler ya zama shugaba, da yawa daga cikin ma'aikatan kuma naƙasassu ne. Abin da suka fara sa wa gaba zai ba ka mamaki: wurin gyaran keke, da samo wa ɗalibi gidan haya da zai iya shiga, da haɗa shi da mai taimaka masa da safe da dare. Su ne suka san inda ɗakinsu ke yoyo. Sun ga cewa abin da ke fitar da ɗalibi daga jami'a sau da yawa ƙaramin abu ne, keke ya lalace, mutum ya yi kwanaki a kwance, darasi ya wuce shi. A tsakiyar shekarun 1970 gwamnan Kalifoniya, Jerry Brown, ya naɗa Roberts shugaban hukumar nan da ta ce ba zai taɓa yin aiki ba. Ya rasu a shekara ta 1995.

Yadda doka ta mai da alfarma haƙƙi

Kafin doka ta shigo, duk abin da naƙasasshe ya samu a jami'a alfarma ce. Idan mai alfarma ya tashi, ta tashi tare da shi. A shekara ta 1973 Amurka ta kafa wata doka wadda sashenta na 504 ya hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna wa naƙasasshe bambanci. Shekara huɗu dokar tana kwance ba a fitar da ƙa'idojin aiki da ita ba, sai da naƙasassu suka mamaye wani ofishin gwamnati a birnin San Faransisko kusan wata guda, cikin jagororinsu har da wata mata mai suna Judith Heumann, sannan aka sa hannu a watan Afirilu na 1977. Tun daga lokacin jami'o'i suka shiga neman ma'aikatan da suka san wannan aiki. A wannan shekarar ce ma'aikatan suka kafa ƙungiyarsu, wadda a yau ake kira AHEAD. A shekara ta 1990 wata doka da ta fi faɗi ta biyo baya. Faransa, wadda tsarin karatunmu ya yi kama da nata, ta kafa tata babbar dokar a shekara ta 2005.

A watan Disamba na 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin naƙasassu, ƙasarmu Nijar kuma ta rattaba amincewarta a watan Yuni na 2008. Sashe na 24 na yarjejeniyar yana magana kan ilimi, kuma ya ambaci karatun jami'a da sunansa. A cikinta akwai wata magana da ya kamata ka haddace, domin ita ce ginshiƙin aikin duka: gyaran da ya dace. Ma'anarta ita ce duk wani canji da ɗalibi ke buƙata domin ya yi karatu daidai da ƴan'uwansa, muddin canjin bai zama nauyin da ya wuce kima ga makaranta ba. Yarjejeniyar ta lissafa hana mutum irin wannan gyara cikin nuna bambanci.

Me ake yi a ofishin kullum?

Ɗalibi yakan zo da takardar likita mai bayyana lalurarsa. Ma'aikaci ya zauna da shi, ya tambaye shi abin da ke tare masa hanya, su yi yarjejeniya a rubuce kan abin da za a gyara. Daga nan a aika wa malamansa wasiƙa. Ka lura da kyau, wasiƙar tana faɗin abin da za a yi wa ɗalibin, ba ta faɗin ciwonsa. Ciwon mutum sirrinsa ne. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai ga masu lalurar da ido ba ya gani, kamar farfaɗiya, da amosanin jini, da rashin lafiyar ƙwaƙwalwa, da wahalar haɗa baƙi wadda ke sa mai kaifin basira ya kasa karatu da sauri. A jami'o'in Amurka a yau irin waɗannan ɗalibai sun fi masu keke da masu sanda yawa a cikin rajistar ofishin.

Ga makaho, babban aiki shi ne littafi. Rubutun makafi, wanda Bafaranshe Louis Braille ya ƙago yana yaro a ƙarni na 19, ɗigo shida ne ake jujjuyawa su ba da alamomi 63, ana karanta su da yatsa. Shafi ɗaya na littafin masu ido yakan cinye shafi biyu zuwa uku, saboda haka littafin da kai za ka sa cikin aljihu shi sai ya ɗauke shi a kai. Kwamfuta ta kawo sauƙi. Akwai manhajoji masu karanta abin da ke kan allonta da murya, ɗaya daga cikinsu, NVDA, kyauta ce kuma tana karanta Faransanci. Amma ba ta iya karanta takardar da aka rubuta da hannu ko hoton shafi mai dishi-dishi, sai an sake buga shi. Dole ofishi ya karɓi darussa daga malamai tun kafin a buɗe makaranta. Littafin da ya iso hannun ɗalibi saura kwana uku jarrabawa, da shi da babu duk ɗaya.

Ga kurma, tafinta ake nema, mai juya maganar baki zuwa maganar hannu. Aiki ne mai gajiyarwa. A wuraren da aka tsara shi sosai tafintoci biyu ke shiga doguwar lacca, suna karɓar juna bayan kowane minti 20 zuwa 30.

Sai jarrabawa, inda gardama ta fi yawa. A Faransa ana ƙara wa ɗalibi mai naƙasa sulusin lokaci, wato jarrabawar awa 3 ta zama ta awa 4. A Amurka sau da yawa rabin lokaci ake ƙarawa. Ana iya ba shi ɗaki shi kaɗai, ko wanda zai rubuta abin da ya faɗa, ko takardar tambayoyi mai manyan haruffa, abin da zabiya da sauran masu raunin gani ke buƙata. Tambayoyin dai ba sa canjawa, ma'aunin ba da maki ma ba ya canjawa. Idan ka ji wani yana cewa an sauƙaƙa wa naƙasasshe jarrabawa, ka gaya masa hanya aka gyara, nisan tafiyar yana nan yadda yake.

Matakan sana'ar

Yawancin waɗanda suka yi nisa a wannan aiki daga ƙasa suka faro. Matakin farko sau da yawa ɗalibi ne ɗan aji ɗaya, wanda ake biyansa ɗan abin hasafi ya riƙa rubuta wa ɗan'uwansa darasi ko ya karanta masa littafi. Kada ka raina wannan mataki, a nan mutum ke gane ko yana da haƙurin aikin. Sama da shi akwai masu sana'ar hannu: mai juya littafi zuwa rubutun makafi, da tafintan maganar hannu, da mai kula da kwamfutoci da na'urorin ji, da mai gyaran kekuna. Waɗannan ba duka ke buƙatar dogon karatun jami'a ba, horo mai kyau da yawan yi suke buƙata. Tafinta ƙwararre, wanda zai iya fassara darasin shari'a ko na lissafi, yana da wuyar samu a ƙasashenmu, wanda ya iya ba ya rasa mai nemansa.

Sai mai ba da shawara, wato wanda ke zama da ɗalibi ya karanta takardar likita ya yanke gyaran da ya dace. Irin wannan ma'aikaci yakan fito daga fannin ilimin halayyar ɗan Adam, ko ilimin zaman jama'a, ko aikin jin daɗin jama'a, ko koyar da yara masu naƙasa. Bayan shekaru yana iya zama mai kula da wani sashe, kamar sashen jarrabawa, daga nan mataimakin shugaba, daga nan shugaba. A Amurka akan nemi shugaba ya kasance yana da digiri na biyu, wanda muke kira masta, tare da shekaru na aiki da ɗalibai.

A jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ana koyar da ilimin halayyar ɗan Adam da na zaman jama'a. Wanda ya ji Turancin Ingilishi yana da wata hanya a maƙwabta: jami'ar Bayero ta Kano, da ta Jos, da ta Ibadan duk suna da sashen koyar da ilimin naƙasassu, akwai kuma wata kwalejin horar da malamai ta musamman a garin Oyo wadda aka buɗe a shekara ta 1977.

Gaskiya ɗaya ce, wannan ba sana'ar tara dukiya ba ce. Ofisoshin sukan zama ƙanana, aiki ya fi ma'aikata yawa, musamman lokacin jarrabawa. Amma wanda ya ƙware, iliminsa yana ci a wurare da yawa: ofishin minista, da ƙungiyoyi masu zaman kansu, da makarantun sakandare, da hukumomin shirya jarrabawa.

Abin da ake nema ga shugaba

Mutane sukan ɗauka cewa tausayi shi ne babban sharaɗi. Tausayi yana da kyau, amma shugaban da ba shi da komai sai tausayi zai mai da ofishinsa gidan rabon sadaka. Akwai irin shugaban da komai a kansa yake. Shi ke kiran malami a waya ya roƙe shi, shi ke zaro kuɗi daga aljihunsa ya gyara keke, ɗalibai suna kiransa Baba. Kowa yana yabonsa. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, komai ya watse, domin babu ko takarda ɗaya da ya bari. Shugaba na gari yana rubuta ƙa'ida, ya kai ta gaban majalisar jami'a ta amince, yadda ɗalibin da zai zo bayan shekara goma zai sami haƙƙinsa ko bai san kowa ba. Yana kuma horar da wanda zai gaje shi tun yana kan kujera.

Dole ya iya ƙidaya. Ɗalibai nawa suka shigo, nawa suka ci jarrabawa, nawa suka bari, a wane wata, saboda me? Ranar da ake raba kasafin kuɗin jami'a, wanda ya zo da labari mai ban tausayi za a ce masa Allah ya kyauta, wanda ya zo da lissafi shi ake saurara.

Dole ya kasance a wurin tun ana zana gini a takarda. Rahoton duniya kan naƙasa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar a shekara ta 2011, ya nuna cewa idan aka tsara sabon gini tun farko yadda naƙasasshe zai shiga, abin da ake ƙarawa a kan kuɗin ginin kimanin kashi 1 ne cikin 100. Fasa gini bayan an gama shi ya fi haka tsada nesa ba kusa ba. Wani gyaran kuwa ba ya cin ko dala: a sauko da aji daga bene zuwa ƙasa, a ba mai keke ɗakin kwana kusa da ƙofa, malami ya riƙa faɗin abin da yake rubutawa, ya kuma fuskanci aji idan yana magana domin mai karanta leɓe.

Abu mafi wuya shi ne tsayuwa tsakanin malami da ɗalibi. Malamin jami'a mutum ne mai kishin darasinsa, ba ya son wani ya gaya masa yadda zai yi jarrabawarsa. Ɗalibi kuma wani lokaci yakan nemi abin da ya wuce haƙƙinsa, kamar a yafe masa wani darasi da ke tsakiyar fanninsa. Tambayar da shugaba ke yi wa ɓangarorin biyu ɗaya ce: me wannan jarrabawa take aunawa? Idan sanin shari'a take aunawa, to rubutu da hannu ba ya cikin sharaɗi, makaho ya amsa da baki ko da kwamfuta. Idan kuwa abin da ɗalibi ke son a cire shi ne ainihin abin da ake aunawa, sai shugaba ya ce masa a'a, ya bayyana masa dalili, su nemi wata hanyar koyo. Shugaban da bai taɓa ce wa malami a'a ba, ɗalibai ba za su amince da shi ba. Wanda bai taɓa ce wa ɗalibi a'a ba, malamai za su daina karanta wasiƙunsa.

Wa ya kamata ya riƙe kujerar?

A birnin Washinton akwai jami'ar kurame mai suna Gallaudet, wadda aka kafa a shekara ta 1864. Shekara 124 tana aiki, duk shugabanninta masu ji ne. A watan Maris na 1988 hukumar jami'ar ta sake zaɓen mai ji, alhali akwai kurame biyu cikin ƴan takara uku na ƙarshe. Ɗalibai suka rufe ƙofofin makaranta mako guda. Wadda aka zaɓa ta yi murabus, aka naɗa I. King Jordan, kurma na farko da ya shugabanci jami'ar. Wannan makaranta tana da alaƙa da yankinmu. Andrew Foster, baƙar fata na farko da ya sami digiri a cikinta a shekara ta 1954, shi ne ya zo Afirka ya buɗe makarantun kurame, ya fara da Gana a 1957, sannan Najeriya da ƙasashe da dama masu amfani da Faransanci. Shi ya sa alamun da ake koyarwa a makarantun kurame da yawa na Afirka ta Yamma suka samo tushe daga na Amurka, ko da yake kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu tun da daɗewa.

Ga Bahaushe, naƙasasshe ya shugabanci ƴan'uwansa ba baƙon abu ba ne. Garuruwanmu sun san Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, masu sasanta rigima, masu kai kukan jama'arsu fada. Abin da ya ƙaru a yau shi ne fagen shugabancin ya kai har ofishin jami'a, kuma takardar shaidar karatu ce ke kai mutum can. Ba a ce mai lafiyar jiki ba zai iya aikin ba, Nugent ya yi shi shekara 37. Naƙasa ita kaɗai ma ba ta mai da mutum gwani, makaho bai san matsalar kurma ba sai ya koya. Amma ofishin da babu naƙasasshe ko ɗaya cikin ma'aikatansa, kuma ba ya zama da ɗalibansa kafin ya yanke shawara a kansu, ka sa masa ido.

A nan Nijar

Ƙidayar jama'a ta shekara ta 2012 ta lissafa naƙasassu fiye da dubu 700 a ƙasarmu, kimanin kashi 4 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa a shekara ta 2022 ta ƙiyasta cewa kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya suna da naƙasa mai nauyi. Yadda ake yin tambaya lokacin ƙidaya yana canja adadi, kuma kai ma ka san gidajen da ke ɓoye yaro idan baƙo ya shigo.

Jami'o'i sun matso kusa da mu. A da jami'ar gwamnati sai a Yamai. A shekara ta 2010 aka kafa na Maraɗi da Damagaram da Tawa, waɗanda a yau ke ɗauke da sunayen Dan Dicko Dankoulodo da André Salifou da Djibo Hamani. A 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Ta fuskar doka, tun a watan Maris na 1993 aka kafa dokar kare naƙasassu, wadda ta ce duk ma'aikatar da ke da ma'aikata 20 ko fiye ta keɓe musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, wato mutum 1 cikin kowane 20. A ƙarshen shekara ta 2019 aka kafa wata sabuwar doka kan shigar da su cikin harkokin ƙasa. Gurbin aiki yana jiran mai takardar shaida ne, takardar kuwa sai an zauna a aji.

Idan kana da yaro mai naƙasa da ke kusa da bak, kada ka jira sai ranar jarrabawa. Tun farkon shekara ku nemi takardar likita, ku yi mata kwafi da yawa, ku gaya wa shugaban makarantarsa irin gyaran da zai buƙata. Ku kusanci ƙungiyoyin naƙasassu na jiharku, kamar reshen tarayyar ƙungiyoyinsu ta ƙasa, FNPH, ko ƙungiyar makafi ta ƙasa, UNAN, domin a cikinsu akwai waɗanda suka riga shi bin wannan hanya. A Yamai akwai makarantar makafi ta Soli Abdourahamane da ta kurame ta Hassane Bana Ba, inda ake samun malaman da suka san rubutun makafi da maganar hannu. Maganar kuɗin tallafin karatu, wato bursu, tana hannun hukumar ANAB. Maganar ɗakin kwana da abinci kuma tana hannun ofishin jin daɗin ɗalibai na jami'a, a can za ku nemi ɗaki na ƙasa tun kafin a raba.

Da ya sami shiga jami'a, ya tambayi wanda ke kula da ɗalibai naƙasassu. Idan an nuna masa mutum ko ofishi, ya tafi da takardunsa a makon farko. Idan ba a nuna masa kowa ba, ya rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban tsangayarsa. Wasiƙar ta kasance gajera: sunansa da ajinsa, abin da ke tare masa hanya, da gyaran da yake nema ɗaya bayan ɗaya, misali a sauko da aji ƙasa, ko a ba shi darasi a kwamfuta, ko a ƙara masa lokaci ranar jarrabawa. Ya ambaci sashe na 24 na yarjejeniyar da ƙasarmu ta amince da ita a 2008. Ya kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata, ya dawo da ita ya ajiye. Idan su uku ne ko biyar masu buƙata iri ɗaya, su sa hannu tare a takarda guda.